Ido Ba Mudu Ba Ne: Kira Ga Masu Ɗaukar Hoto Su Riƙa Auna Haske

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana gaskiya ce a kasuwar hatsi, inda dillalin da ya shekara 30 yana hulɗa da buhu zai dubi tsibin gero ya faɗi yawansa, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Sai dai ko shi ɗin, idan aka zo biyan kuɗi tiya ake ɗaukowa a auna, domin ba a ƙulla ciniki a kan kintace. To, akwai wata sana'a da ta bunƙasa a garuruwanmu wadda kusan kacokan aka bar ta a hannun kintace, alhali abin da ake aiki da shi a cikinta ido ba ya ko iya riƙe shi, balle ya san kimarsa. Ina nufin sana'ar ɗaukar hoto da fitilar walƙiya, wadda masu sana'ar ke kira filasha. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, duk mai ɗaukar hoton da ke karɓar kuɗin jama'a yana haska filasha a fuskokinsu, ya kamata ya mallaki ma'aunin haske na hannu, ya kuma naƙalci aiki da shi, kamar yadda ba a tela babu tef ɗin awo, ba a kuma magini babu igiya.

Wani zai ce, duk da matsalolin da suka addabi Arewa, na tsaro da tsadar rayuwa da taɓarɓarewar ilimi, me ya kai mutum ɓata tawada a kan wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba? Amsar ita ce, mai karatu ya ɗauko albam ɗin bikin da ke gidansa, ko ya buɗe hotunan ɗaurin auren da aka turo masa ta WhatsApp, ya dube su da idon basira. Zai ga ango cikin farar shadda, aikin wuyan rigar ya fito raɗau, amma fuskarsa ta zama inuwa, ba abin da ake gani sai fararen idanu da haƙora. Zai ga amarya da aka ɗauka a ɗakin taro da dare, filasha ta wanke mata fuska, goshi na ƙyalli kamar an shafa mai, kwalliyar da aka yini ana yi ta ɓace, launin fatarta ya koma wani iri da ko mahaifiyarta ba ta san ta da shi ba. Zai kuma ga hoton dangi, dattawan da ke zaune a sahun gaba sun ƙone da haske, waɗanda ke tsaye a baya sun nutse cikin duhu. Ranar aure ba ta dawowa. Sau da yawa ma hoton da aka ɓata ɗin nan shi ne na ƙarshe da aka yi wa wata kaka ko wani baffa kafin rai ya yi halinsa, kuma da shi ne jikokin da ba su riske su ba za su san kamanninsu.

Kalmar hoto da muka aro daga Ingilishi, tushenta kalmomi biyu ne na Girkanci, ɗaya na nufin haske, ɗaya na nufin rubutu ko zane, kuma masanin nan na Ingila, John Herschel, shi ya yayata ta a 1839. Ke nan mai ɗaukar hoto marubuci ne, haske kuwa shi ne tawadarsa. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san tawada in ta yi ruwa rubutu ba ya karantuwa, in kuma ta yi yawa a bakin alƙalami sai ta malale ta haɗe baƙaƙen. Kimanin ƙarni 8 kafin Herschel, Ibn al-Haisam ya tabbatar ta hanyar gwaji, a littafinsa Kitab al-Manazir da ya rubuta a Alƙahira, cewa gani yana samuwa ne idan haske ya faɗa kan abu sannan ya dawo ya shiga ido. Ashe haske iri biyu ne a gaban mai hoto: akwai wanda ke sauka a kan mutum, akwai kuma wanda ke dawowa daga jikinsa. A kan wannan bambanci ne maganar tamu duka ta rataya.

Kowace kyamara ta zamani tana da ma'aunin haske a cikinta, amma wanda ke dawowa kaɗai take iya aunawa, tunda daga nesa take kallo. An kuma gina wannan ma'auni bisa zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke gaban kyamara, fari da baƙi da sauran launuka, zai tashi a matsayin launin toka tsaka-tsaki, irin na katin nan da kamfanin Kodak ya daɗe yana sayarwa, mai mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. Ma'aunin bai san riga ba, bai san fata ba. Idan ya ga fari ya cika masa ido, sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage shi har farin ya kusanci toka. Idan ya ga duhu, sai ya ɗauka haske ya kasa, ya ƙara. Farin yadi yana mayar da haske ninki 4 ko fiye na abin da katin toka ke mayarwa, don haka babbar riga fara da ta cika hoto tana iya sa kyamara ta rage haske zuwa rubu'in abin da ake buƙata. Rigar za ta fito, amma fuskar mai rigar, wadda da ma baƙa ce, ita za ta biya kuɗin sabulu. Haka nan idan amarya ta tsaya a gaban baƙin labule, ko a filin da babu wuta, kyamara za ta ga duhu ya rinjaya, ta buɗe wa haske ƙofa, fuskar ta wanke.

Filasha kuwa ta ƙara wa al'amarin wuya. Tun da Harold Edgerton na cibiyar MIT ta Amurka ya inganta fitilar walƙiya mai aiki da lantarki a farkon shekarun 1930, haskenta bai cika wuce kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba, sau da yawa ma ya fi haka gajarta. Babu idon da zai iya kimanta abin da ya zo ya wuce kafin ƙiftawa. Masu ƙera kyamara sun nemi mafita ta tsarin da ake kira TTL, inda filasha ke sakin ɗan haske na gwaji, kyamara ta auna abin da ya dawo ta cikin gilashinta, sannan ta yanke ƙarfin babban hasken. Canon ta fito da nata salon, E-TTL, a 1995, Nikon kuma ta fito da i-TTL a 2003. Babu shakka fasaha ce mai ban sha'awa, kuma sababbin kyamarori masu gane fuska sun rage kurenta. Amma har yanzu hasken da ya dawo take aunawa. Shi ya sa za ka ga an ɗauki mutum biyu a wuri ɗaya, da fitila ɗaya, a minti ɗaya, mai farar riga ya fito duhu, mai baƙar abaya ta fito fayau. Fitilar ba ta motsa ba, tufafin ne suka yaudari kyamarar.

Ya kamata mu san cewa wannan matsala ta fi shafar mu fiye da waɗanda suka ƙera kayan. Tun daga shekarun 1950, ɗakunan wanke hoto masu aiki da kayan Kodak suna daidaita launin injinansu ne da wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Farar fata ita ce ma'auni, sauran kuwa ko oho. Binciken da Farfesa Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa daga cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke fito da launuka masu duhu har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka buga katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Ko a zamanin wayar hannu, sai a 2021 Google ta fito da tsarin Real Tone a wayarta Pixel 6 don gyara yadda baƙar fata ke fita, a 2022 kuma ta rungumi ma'aunin launin fata mai hawa 10 da Ellis Monk na Jami'ar Harvard ya tsara. Idan masu ƙera kayan da kansu sun yarda akwai gyara, me zai sa mai hoto a Kano ko Zariya ko Damagaram, wanda kullum aikinsa shi ne haɗa baƙar fuska da farar riga a hoto ɗaya, ya miƙa wuya ga hukuncin na'ura ba tare da ya bincika ba?

A nan ne ma'aunin haske na hannu ya shigo. 'Yar na'ura ce mai batir, a kanta akwai wani farin ƙoƙo kamar rabin ƙwai, wanda Ba'amurken nan Don Norwood ya ƙirƙiro, ya kuma bazu tun shekarun 1940. An yi ƙoƙon a dunƙule ne domin ya karɓi haske ta gaba da gefe kamar yadda fuskar mutum ke karɓa. Mai hoto ba ya tsayawa da ita a inda kyamara take. Takawa yake yi zuwa wurin wanda za a ɗauka, ya auna hasken da ke sauka a kansa. Tunda ba ta kallon mutumin, ba ruwanta da farar shadda ko baƙar abaya ko labulen da ke baya. Idan aka bi lambar da ta bayar, fari zai fito fari, baƙi ya fito baƙi, wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa. Kamfanonin Sekonic na Japan da Gossen na Jamus su ne suka yi fice wajen ƙera ta, tsofaffin ma'aunan Minolta kuma har yanzu ana samun su na hannu. Abin lura kawai shi ne a tabbata wadda za a saya tana auna filasha, domin ba kowace ce ke yi ba.

Yadda ake aiki da ita ba wani boyayyen ilimi ba ne. Abu uku ne ke tantance hasken hoto. Na farko lambar ISO, wato gwargwadon yadda kyamara ke jin haske. Na biyu saurin ƙyaure, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa. Na uku faɗin kafar da haske ke bi ya shiga, wadda ake nunawa da lambobi irin su 2.8 da 4 da 5.6 da 8 da 11 da 16, kowace lamba tana shigar da rabin hasken wadda ta gabace ta, abin da za mu iya kira mataki ɗaya. Mai hoto zai sa ISO ɗaya a kyamara da ma'auni, a ce 200. Zai zaɓi saurin ƙyauren da bai wuce iyakar da kyamararsa ke iya tafiya tare da filasha ba, wadda a yawancin kyamarori take 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, a ce ya ɗauki 1/125. Zai cire filasha daga tsarin TTL ya mayar da ita yadda shi zai riƙa saita ƙarfinta da hannu, domin in ba haka ba ɗan hasken gwajin nan yana iya ruɗa ma'aunin. Sannan ya riƙe ma'aunin a ƙarƙashin haɓar wanda za a ɗauka, ƙoƙon na fuskantar kyamara, ya kula kada jikinsa ya tare haske, a tayar da filasha ta waya ko ta rediyo, ko yaronsa ya danna masa. Nan take lamba za ta fito, alal misali f/8. Ya sa ta a kyamara, magana ta ƙare. In kuma f/5.6 yake so domin bayan hoton ya ɗan dushe, sai ya rage ƙarfin filasha da rabi ya sake aunawa. Duka wannan ba ya cin minti ɗaya.

Amfanin ma'aunin ya fi fitowa idan fitilu sun wuce ɗaya, kamar yadda yake a kowane situdiyo. Ana auna kowace fitila ita kaɗai, sauran a kashe. Idan babbar fitila ta ba da f/8, mai cike inuwa ta ba da f/5.6, an san tazarar mataki ɗaya ce a tsakaninsu, fuska za ta sami siffa ba tare da rabinta ya ɓace ba. Wannan yana da muhimmanci ga baƙar fata, domin kyanta yana fitowa ne ta sheƙin da take yi idan haske mai faɗi kuma mai taushi ya sauka a kanta, irin wanda lema ko akwatin tausasa haske ke bayarwa. Ƙara ƙarfin fitila tsirara ba ya fito da baƙar fuska, goshi da hanci kawai yake ƙonawa, ya kuma kashe zanen da ke jikin shadda. Da rana ma ma'aunin yana da aiki. Dattijon da ya sha rawani, ko wanda hularsa da zafin rana suka jefa wa inuwa a ido, yana buƙatar ɗan hasken filasha da zai buɗe fuskar ba tare da ya nuna an haska ba. Saurin ƙyaure shi ke juya hasken rana, faɗin kafa da ƙarfin fitila su ke juya hasken filasha, kuma akwai ma'aunai da ke nuna kashi nawa cikin 100 na hasken ya fito daga filasha, ta yadda mai hoto zai daidaita su da sani.

Sai batun hoton dangi, wanda ƙa'idar kimiyya ce ke ɓata shi. Haske yana raguwa ne daidai da ninkin nisa a kansa: in nisa ya ninka sau 2, haske ya koma kashi 1 cikin 4. Idan fitila tana mita 2 daga sahun gaba, sahun baya kuma yana mita 4, to 'yan baya rubu'in hasken 'yan gaba suke samu, tazarar mataki 2 ke nan. Idan aka ja fitilar baya ta koma mita 6 daga sahun gaba, ta zama mita 8 daga na baya, tazarar ba za ta kai mataki ɗaya ba. Mai ma'auni zai taka daga wannan gefe zuwa wancan, daga gaba zuwa baya, yana aunawa, ya gyara fitila kafin a tara dattawa. Wanda ba shi da shi sai an tara su sannan zai fara gwaji, yana ɗauka yana leƙa bayan kyamara, yana cewa a ƙara haƙuri, har murmushi ya bushe a fuskokin mutane.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Hujja ta farko ita ce, zamanin fim ya wuce, yanzu mutum yana ganin hotonsa nan take a allon bayan kyamara, gani kuwa ya kori ji. Gaskiya ne, amma allon ma yana da nasa ruɗin. A ɗakin taro mai duhu yana ƙyalli har hoton da ya kasa haske ya yi kamar ya isa, a tsakar rana kuma da ƙyar ake ganin abin da ke kansa. Jadawalin nan mai kama da tsaunuka da kyamara ke nunawa yana faɗin yawan fari da baƙin da ke cikin hoto, amma ba ya faɗin inda ya kamata fuskar wannan mutumin ta tsaya. Hujja ta biyu ita ce, ai komai ana gyara shi a kwamfuta, musamman in an ɗauka a tsarin RAW. Ana gyarawa, amma da iyaka. Farin da ya ƙone ƙurmus babu abin da ya rage a cikinsa da za a dawo da shi, inuwar da aka jawo da ƙarfi kuma takan zo da dusa-dusa da gurɓataccen launi, kuma a fuskar baƙin mutum wannan dusar ke taruwa. Sannan wanda ya ɗauki hoto 600 kowanne da nasa haske zai kwana uku yana gyara, wanda ya auna kuwa gyara ɗaya zai yi ya shafa wa saura. Tun ran gini ran zane.

Hujja ta uku ita ce ta kuɗi. Ƙaramin ma'aunin Sekonic L-308X yana kai dala 200 da ɗoriya, wanda a halin da Naira ke ciki ba ƙaramin abu ba ne ga matashin da ya fara sana'a. Na yarda. Amma mutumin da ya iya sayen kyamara da gilasai da fitilu da kuɗinsu ya ninka wannan sau da yawa, ba tsada ce ta hana shi ba, rashin sanin amfanin abin ne. Ma'auni ɗaya yana shekaru yana aiki, situdiyo guda kuma ɗaya ya ishe shi. Masu cewa akwai manhaja a waya su sani yawancin manhajojin hasken da ke tsaye suke aunawa, ba sa iya cafke walƙiyar filasha sai an maƙala musu wata na'ura ta daban. Hujja ta huɗu ita ce, a cikin hayaniyar biki ina lokacin awo? A nan na ba su gaskiya rabi. Lokacin da ake rawa da liƙi, ko ango na ratsa taro, TTL ita ce abokiyar tafiya. Amma kujerar da ango da amarya za su zauna an san wurinta tun kafin baƙi su iso, haka wurin hoton dangi, haka ɗakin da za a ɗauki amarya bayan kwalliya. Hotunan da ake sa wa firam a rataye a bango a waɗannan wurare ake ɗaukar su, kuma duk ana iya auna su a natse.

Hujja ta ƙarshe ita ta fi ƙarfi: manyan masu hoton Afirka ta Yamma ido da ƙwarewa suka yi suna da su. Za a kawo Malick Sidibé na Bamako, wanda ya bi wuraren rawar matasa da dare da filasha a shekarun 1960 da 1970, ya fito da baƙaƙen fuskoki cikin fararen kaya fes, har aka ba shi lambar Zakin Zinare a bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007. Sai dai mutanen wancan zamani lissafi suke yi. Kowace filasha tana da lambar jagora, kuma galibi akwai jadawali a bayanta: ka raba lambar da nisa, ka sami faɗin kafa. Mai lamba 32 a ISO 100, idan mutum yana mita 4, f/8 ke nan, idan yana mita 8, f/4. Fim kuma mai tsada ne, ba a ganin sakamako sai an wanke, don haka dole mutum ya san nisansa da lambarsa kafin ya danna. Idonsu ya san kima ne saboda ya daɗe yana tafiya tare da mudu. Wannan lissafin kuma yana rushewa da zarar an sa lema, ko an harba haske a silin, ko an haɗa fitila uku, wato yadda ake aiki a yau, shi ya sa ma'auni ya zama magajinsa.

Akwai kuma wata illa da rashin awo ya buɗe wa ƙofa, wadda ta wuce batun sana'a. Da yake wankakkiyar fuska ta yawaita a hotunanmu, ido ya saba da ita, har wasu sun fara ɗaukar ta a matsayin kyau. Yau ana ƙara haske da gangan, a bi da Photoshop, a mayar da baƙar yarinya fara sol, wani lokaci a manta da hannuwanta su tona asiri. Muna kukan yadda man bilicin ke lalata fatar 'ya'yanmu mata, alhali hoton aurensu, wanda ya kamata ya nuna musu kyansu, shi ke fara gaya musu launinsu bai isa ba. Ma'auni ba zai hana mai son ƙarya yin ƙarya ba. Amma zai ba mai hoto tushe na gaskiya, ya san launin da Allah Ya yi mutum da shi a ina yake, kuma na tabbata da yawa daga amarenmu ba su taɓa ganin fatarsu an haska ta yadda ya kamata ba, shi ya sa suke neman a canza ta.

Wani abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne yadda ake koyar da sana'ar. Yaro yana shekara biyu ko uku a shagon ubangidansa, abin da yake ji bai wuce "ƙara kaɗan" da "rage kaɗan" ba. Kaɗan nawa? Ilimin da ba shi da suna ba shi da lamba yana tafiya ne tare da mai shi. Amma idan ubangida ya ce babbar fitila takwas, ƙarama biyar da ɗigo shida, yaron zai rubuta a littafi, gobe ya maimaita ko da ubangidan ya yi tafiya, jibi ya koya wa wani. Muna da tarihin irin wannan aiki, tun daga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su kafa da ƙyaure da mataki, shawara ce kawai. Masu sana'ar su za su karɓa ko su musanya da waɗanda suka fi zama a bakinsu, amma lokaci ya yi da za a zauna da su a tattara.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto a jihohinmu su sa awon haske cikin abin da ake gwada yaro da shi kafin a yaye shi, su kuma tanadi ma'aunai da ƙananan membobi za su riƙa ara. Ina kira ga sassan koyar da aikin jarida da zane-zane a jami'o'i da kwalejojin fasaha su riƙa shirya gajerun bita da Hausa ga masu sana'ar da ba su yi boko mai zurfi ba, tare da ɗan littafin jagora da ba zai wuce shafi 30 ba. Mu kuma masu biyan kuɗi, kafin mu ba da aiki, mu nemi a nuna mana hoton baƙin mutum cikin farar riga, mu duba ko fuska da riga duka sun fito, mu tambayi mai hoton yadda yake auna haskensa. Al'ummar da Littafinta ya buɗe sura guda da gargaɗi ga masu tauye mudu ba baƙuwa ba ce ga darajar awo. Wanda aka damƙa wa fuskokin jama'a a ranar da ba za ta maimaitu ba amana aka ba shi, kuma minti ɗaya na awo bai yi yawa ba wajen sauke ta. Allah Ya sa mu dace, amin.